Tirela ta tsaya mana a bayan tudu cikin dare, a ina ya kamata a ajiye alama?

Yaron_Mota_Kawo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena direbobi. Dan Allah tambaya gareni, kuma abun yana cina a rai tun ranar Talata. Shekarata biyu ina bin maigidana a tirela, yanzu ne ya fara bani sitiyari jefi jefi. Mun yi lodin taki daga Kaduna zamu Kafanchan ta hanyar Kachia, wajen ƙarfe 9 na dare mun haura wani tudu kenan mun fara gangarawa sai mukaji tssss, tiyon iska ya fashe, mota ta ƙame a kan hannunmu, ko gefe bamu samu sauka ba. Nayi maza na dira na sa weji, wato katakon tokare taya, na ɗauko si-koshon ɗinmu, wato alamar nan mai kusurwa uku, guda ɗaya na ajiye a bayan mota kamar taku goma, na karyo ganye na zuba. Ko minti biyar ba'a yi ba sai ga wata Sharon cike da fasinja ta hauro tudun a guje, wallahi Allah ne kawai ya kiyaye, ta take si-koshon ɗin ta kauce ta ɗaya hannun, da akwai mota mai zuwa ta gaba da yanzu wani labarin ake. Direban ya tsaya ya zazzage mu tas, shi kuma maigida ya juyo kaina yace laifina ne, amma har yau bai faɗa min me ya kamata inyi ba.

To shine nake tambaya, in mota ta tsaya a hawa ko gangare taku nawa ake bari tsakaninta da alama? Sannan weji wace taya ake sa wa, gaba ko baya? Kuma a barta a giya ne ko a firi? Kowa na tambaya a tasha da abinda zai faɗa min.

Baba Direba Mararraba:

Wa alaikumus salam ɗana. Da farko Alhamdulillah da Allah ya tsare, kuma nayi murna da ka tambaya, don yaran yanzu da yawa gwara su mutu da jahilci da ace basu sani ba.

Ni sama da shekara talatin ina jan babbar mota, tun zamanin roka, yanzu gwiwa ta ajiye ni ina zaune a Mararraban Jos. Abinda nake so ka riƙe shine wannan, alama ba don motarka ake ajiye ta ba, don idon wanda ke tahowa ne. Kai ka san motarka na nan, maigidanka ya sani, wanda bai sani ba shine mai Sharon ɗin da ke bayan tudu. To in ka ajiye alama taku goma a bayan mota, shi lokacin da zai ga alamar lokacin zai ga motar, me ta amfana masa kenan? Kamar mutum ne ya faɗa rijiya sannan kace masa hattara.

Yadda aka koya mana, ba ƙidayar taku ake ba. Ka ɗauki alama ka koma baya da ƙafa kana waiwaye, har sai ka haure tudun ka daina hango motarka gaba ɗaya. To daga inda ka daina hangota ka ƙara tafiya mai ɗan nisa, nan ne wurin alamar farko. Sai ka dawo kana zuba ganye tsilli tsilli har zuwa mota, yadda mai tahowa zai gane cewa abun yana gaba. Haka in kwana ce ta ɓoye ku, sai ka zagaya kwanar. Kuma tunda hanyar Kachia falle ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa, to ta gaban mota ma sai an sa, saboda duk wanda zai kauce muku hannun wancan zai shiga.

Amma kafin duk wannan akwai tsari. Mota na tsayawa direba ya kunna dabul sigina ya ja hambirki, kai kuma ka sa weji, sannan alama. Kada ka tafi ajiye alama ka bar mota ba weji.

Shi weji ana sa shi ne ta ɓangaren da mota zata gangara. In tana kallon sama a bayan taya, in tana kallon ƙasa kamar naku a gaban taya. Tayoyin baya na kan mota, waɗanda ke jan kaya, su ake tokarewa, dama da hagu, in kaya yayi nauyi a ƙara a tayoyin bodi. Katako mai kauri da aka sassaƙa, ba dutse ba. Dutse yana fashewa ko ya sulɓe a kan kwalta, musamman da damina. Kuma ka buga shi ya manne da taya, kada ka bar rata, don in mota ta samu ɗan wurin motsi sai ta haye shi.

Wani abu kuma da yake min ciwo har gobe. A Hawan Kibo, hanyar Jos in ka fito ta Gidan Waya ka wuce Forest, na taɓa ganin yaro yana bin mota da gudu da weji a hannu, motar tana hawa da ƙyar, wai da zarar ta tsaya ya cusa. Giya ta kuɓuce wa direban motar ta dawo baya, yaron yana daidai bayan taya. Ba zan ƙarasa ba. Allah ya jiƙansa. Don haka ɗana, weji daga gefe ake sa shi, jikinka a waje, ƙafarka a waje, ka sa a buga masa mariƙi ko a ɗaura igiya yadda hannunka ba zai shiga ƙarƙashin taya ba. Duk maigidan da ya ce ka tsaya a bayan mota a kan hawa kace masa a'a, ko zai kore ka.

Giya kuwa mu dai muna barinta a ciki, ta ɗaya in tana kallon sama, ribas in tana kallon ƙasa, sannan a karya sitiyari zuwa gefen daji, yadda ko ta zame daji zata nufa ba titi ba.

Bakanike Panteka:

Baba Allah ya ƙara lafiya, kun gama magana. Sai dai ku bani dama in ƙara ta ɓangaren aikinmu, don abinda ya samu su yaron nan akwai tarko a cikinsa wanda direbobi da yawa basa lura.

Ƙanena ka gane yadda birkin iska yake. A cikin cemba, wato gwangwanin birkin da ke tayoyin baya, akwai wani ƙaton sifirin, iska ce take danne shi mota ta samu tafiya. In ka ja hambirki iskar kake fitarwa sai sifirin ya kama birki. Shi yasa da tiyonku ya fashe iska ta zube motar ta ƙame da kanta. To ga tarkon, tunda ta ƙame sai direba ya manta bai ja hambirki ba, yana ganin ai a tsaye take. Bakanike ya zo ya ɗaure tiyo, a tada inji, kwamfuresa ya tara iska, geji na hawa sai sifirin ya saki, mota ta kama gangara ba kowa a sitiyari, bakanike kuma yana kwance a ƙasa. A wasu motocin maɓallin yana fitowa da kansa in iska tayi ƙasa, wasu kuma sam, sai ka ja da hannunka. Ni duk motar da aka kirani a kan hanya, kafin in shimfiɗa kwali sai na hau da kaina na duba hambirki, na zagaya na shuri kowane weji, sannan makulli ya shiga aljihuna.

Na biyu, akwai masu kwance cemba. Wato in tana yoyo ko ta lalace, maimakon a sayi sabuwa sai a ɗaure sifirin da noti a cigaba da tafiya, wai sai an dawo. To wannan tayar bata da hambirki kenan. Na sha buɗe mota in tarar cemba biyu ko uku a haka, direban ma bai sani ba don wanda ya riƙe motar kafinsa ne yayi. A fili ba zaka gane ba, sai ranar da ka tsaya a hawa da tan talatin a bayanka. Sannan tsofaffin bodi da yawa basu da sifirin kwata kwata, iska ce kaɗai ke riƙe birkinsu, tana zubewa sun saki. Don haka ƙaramin hannun nan na birkin bodi ba na fakin bane, kada wanda ya ja shi ya tafi cin abinci.

Maganar giya kuwa Baba ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku kaɗan. A barta a giyar ba laifi, amma kada yaro ya ɗauka giya tana riƙe mota mai kaya. A roka ta da wataƙila, amma tirela mai cikakken lodi a gangare tana iya juya injin ta tafi a hankali. Kuma haɗarinta shine wani ya hau ya murɗa makulli bai taka kuloci ba mota ta zabura. In ana gyara a ƙasa ni nafi son firi, hambirki a jawe, weji huɗu.

Sai kuma zafi. In ka sauko dogon gangare kana ta taka birki har dram ya ɗau zafi yana wari, birkin baya kamawa yadda ya kamata, kuma ba'a son a ɗaure hambirki a kan dram mai zafi sosai. In da hali ka lallaɓa zuwa wuri mai faɗi ka tokare da weji ya huce. Kada a watsa masa ruwa, yana tsagewa.

Injiniya_Barnawa:

Salam. Ni ba direban babbar mota bane amma ina bin hanyar Abuja kusan duk sati, kuma na taɓa karanta dokokin wasu ƙasashe a kan wannan, sai naga abinda Baba ya faɗa shine dai a rubuce.

A Amurka dokar masu manyan motocin haya tace in ka tsaya a kan titi ko gefensa ka kunna dabul sigina nan take, kuma cikin minti 10 ka ajiye alamomi guda uku, ba ɗaya ba. A hanya mai zuwa da dawowa, ɗaya ƙafa 10 daga mota ta ɓangaren da motoci ke tahowa, ɗaya ƙafa 100 a baya, ɗaya ƙafa 100 a gaba, wato wajen mita 3 da mita 30 da mita 30. In tagwayen hanya ce irin Kaduna zuwa Zariya duk ukun baya ake kaisu, ƙafa 10, 100 da 200. Amma in akwai tudu ko kwana da ke tare gani, sai a kai alamar wancan ɓangaren tsakanin ƙafa 100 zuwa 500, kusan mita 150 kenan. A Ingila kuma littafin dokar hanyarsu yace aƙalla mita 45 a bayan mota.

Ga lissafin da zai sa ka ga dalili. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Taku gomanka bai wuce mita 7 ko 8 ba. Kaga kenan tsakanin alamarka da bodin tirela ko rabin daƙiƙa babu. In direba ya ɗauki daƙiƙa biyu kafin ya gane abinda ya gani cikin duhu ya kai ƙafa kan birki, ya riga ya ci fiye da mita 50, birkin ma bai fara aiki ba, ga gangare yana ƙara tura shi ga fasinja da kaya. Mita 150 ɗin wajen taku 200 ne, ka ƙirga ka gani ba wani nisa bane.

Sannan ka ajiye lambar 122 a wayarka, ta Road Safety ce, kyauta ake kira. In mota ta tare hanya a wuri irin wannan a sanar dasu da wuri yafi.

Maman Yara U/Rimi:

Ni dai roƙo nazo yi. Dan girman Allah direbobi in kun gama gyara ku kwashe duwatsun da kuka jera da itacen da kuka sa. Ƙanena yana dawowa daga ƙauye a babur bayan magariba ya hau kan wani dutse da aka tokare mota dashi aka tafi aka bari a tsakiyar kwalta, a gangare ne kuma, wata uku yayi a kwance da karaya a cinya, har yanzu da sanda yake tafiya, ga mata ga yara uku. Wanda ya bar dutsen yana can bai ma san yayi ba. Sannan ganyen nan da ake bari ya bushe a titi sati guda, mu da muke motar haya muna gani direbobi sun daina rage gudu in sun ganshi saboda sau da yawa ba komai a gaba. Ɗana kai da kake koyo yanzu ka saba da kwashewa tun kafin ka zama maigida.

Mai_Tanka_Kachia_Road:

Hajiya Allah ya bashi lafiya, gaskiya kika faɗa, wannan laifinmu ne ba wanda zai kare shi.

Ni tanka nake ja. Abinda zan ƙara, dan Allah a daina kunna wuta ko ƙona taya a matsayin alama, ko gwangwani da baƙin mai. Baka san me motar da zata tsaya kusa da kai ta ɗauko ba, kuma in tanka ce ta tsaya a gangare mai yana bin kwalta ya gangara inda baka zato. Mu in ta tsaya sai abin kashe gobara ya sauko kusa, a kori masu sigari da masu zuwa kallo. Kuma tanka in ba cike take ba man yana kai da komo a ciki bayan ka tsaya, sai kaji ta ɗan motsa, shi yasa bama wasa da weji.

Amma fa Baba da Injiniya a faɗi gaskiya, taku 200 cikin dare a dajin nan ba ƙaramin abu bane, kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan. Yaro ya haure tudu shi kaɗai maigida baya hangoshi, gabansa dole ya faɗi. Ga kuma satar si-koshon, ka ajiye nesa ka dawo ka tarar wani ya ɗauke. Wannan ne yasa da yawa suke ajiyewa a gindin mota, ba wai basu sani ba.

Baba Direba Mararraba:

Mai tanka na ji ka, kuma ban raina tsoron ba, nima na kwana a daji ba sau ɗaya ba. Amma ai ba cewa akayi yaro ya tsaya can ya kwana ba, ajiyewa zai yi ya dawo, minti biyar ne. In wurin bai kwanta muku ba ku tafi ku biyu bayan kun tabbatar da weji, direba ai ba sarki bane, ya sauko. A riƙe tocila, a sa riga mai ƙyalli, a bi gefen kwalta ana fuskantar motocin da ke zuwa, alamar kuma ka riƙe ta a gaban ƙirjinka fitila na dukanta. Sata kuma, nawa si-koshon yake? Ko ƙafar kuɗin taya ɗaya bai kama ba. A sayi uku ko huɗu, in ka kai na nesa ka haɗa da reshe babba mai ganye, ko an ɗauke ɗaya ɗaya na nan.

Bakanike kuma na karɓi gyara a kan giya, motocin yanzu kun fi mu saninsu. Maganar makulli a aljihu ma ban taɓa yi ba sai yau naji.

Ɗana wani abu da na manta, ka riƙa goge fitilun baya da jan tef ɗin nan mai ƙyalli na jikin bodi duk inda kuka tsaya shan shayi, a Tafa ne ko a nan Mararraba. Ƙura tana rufe su, musamman da hunturu, bodi ya koma baƙi ƙirin kamar bango. In batir ya mutu tef ɗin ne kawai zai nuna ku. Kuma kada ka kwanta a ƙarƙashin mota a kan hawa ko da weji goma ne, ka shimfiɗa tabarmarka can gefe, ta sama da motar ba ta inda zata gangara ba.

Yaron_Mota_Kawo:

Nagode Baba, nagode Oga bakanike da kowa da kowa, Allah ya saka da alheri. Mama in sha Allah zan riƙa kwashewa, Allah ya ba kawu lafiya. Wallahi da na karanta maganar hambirki sai da jikina yayi sanyi, don ranar da aka ɗaure tiyon ni ne a ƙasa ina haska wa mai gyara, kuma ban san ko an ja ko ba'a ja ba. Na nuna wa maigida wannan hirar jiya da daddare, bai ce komai ba amma da safe ya bani kuɗi yace in sayo si-koshon biyu in kuma kai katako a yanka mana ƙarin weji. Oga bakanike in na shigo Panteka wane irin katako zan ce a bani, kuma girmansa kamar yaya?

Bakanike Panteka:

Ka nemi katako mai tauri irin maɗaci ko ƙirya, banda farin katakon rufi, yana murƙushewa. Faɗinsa ya kai faɗin taya ɗaya, tsayinsa wajen kwatan tsayin tayar, a sassaƙa fuskar ta kwanta da taya, a buga masa tsohuwar roba a ƙasa don kada ya sulɓe, sai mariƙin ƙarfe a gefe. Guda huɗu. In zaka zo ka taho da motar in da hali a leƙa cembobin nan, nafi damuwa dasu akan wejin.